Yadda muka zauna da kamfani kan haƙƙin makanikai da ma'aikatan ƙasa a filin jirgin Kano

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin ƙasa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Da lodi na fara, ina durƙushe a cikin ɗakin kaya na jirgi ina jera akwatuna, daga baya na koma tuƙa motar da ke tura jirgi baya idan zai tashi. Abokan aiki suka ɗora mini sakataren reshen ƙungiyarmu saboda sun ga ba na rabuwa da biro da littafi. A kan wannan kujera na shiga tattaunawar sabunta yarjejeniyar aiki tsakaninmu da kamfanin da muke yi wa aiki, wadda ta ci mana kusan wata goma. Rabin wahalar da muka sha rashin sanin hanya ne ya jawo ta, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wanda za a ɗora wa irin wannan kaya nan gaba zai tsallake ramukan da muka faɗa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin har gobe a can nake cin abinci, kuma ba tozarta kowa na zo yi ba.

Abin ya samo asali ne daga cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023. Kafin hunturu ya shigo, kuɗin adaidaita sahu daga Kurna ko Rijiyar Lemo zuwa filin jirgi ya fi ninki biyu, kwanon shinkafa kuwa ba a magana. Masu dutin asuba, waɗanda dole su iso tun ƙarfe huɗu saboda jirgin farko, wasunsu suka koma kwana a kan kwali a ɗakin ajiyar kayan aiki don su tsira da kuɗin mota. Albashi kuwa yana nan inda aka bar shi shekaru da suka wuce. Sai muka tashi mu biyar muka sami manajan tasharmu a ofis. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Wallahi duk abin da kuka faɗa na sani, amma ni ma ɗan aike ne, ko kwabo ba ni da ikon ƙara wa kowa. Zan kai maganar sama." Muka ce, "Mun gode, ranka ya daɗe," muka fito da murna. Mako shida muka yi muna jiran amsar maganar da babu ita a kan takarda ko ɗaya, babu kwanan wata, babu sa hannu, babu wanda za a tambaya. Ban ga laifin mutumin ba, gaskiya ya gaya mana tun farko, mu ne ba mu ji ba.

Da muka gaji da jira na kira hedikwatar ƙungiya a Legas, nan na fara gane yadda abin yake. Ashe ba ƙungiya ɗaya ce ke magana da yawun duk wanda ke aiki a gindin jirgi ba. Ƙananan ma'aikata irinmu, 'yan lodi, direbobi, masu share jirgi da yaran makanikai, ƙungiyar NUATE ce tamu, wadda ke ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Manyan ma'aikata suna ƙungiyar ATSSSAN, ƙarƙashin ɗaya uwar ƙungiyar ƙwadagon, TUC. Matuƙa jirgi da injiniyoyi kuma suna NAAPE. Sannan reshe ba ya zama da kamfani shi kaɗai ya sa hannu a yarjejeniya, shugabannin ƙungiya na ƙasa ne ke jan gaba, mu muna gefensu da bayanan abin da ke faruwa a tasha. Jami'in da aka turo mana, kafin ma ya ajiye jakarsa sosai, ya ce, "Kwamared sakatare, ina jerin sunayen masu biyan kuɗin ƙungiya?" Na kawo abin da nake da shi, muka gwada da takardun albashi, sai ga shi mutane da yawa da muke ƙirgawa a matsayin namu ba a cire musu komai, sunansu ba ya ko'ina. Tun gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 shiga ƙungiya ganin dama ne, don haka duk kamfanin da ke son ja maka rai, tambayar farko da zai yi ita ce mutum nawa kake wakilta. Mako uku muka yi muna tare mutane a lokacin canjin duti, muna cika fom, kowa da sa hannunsa da lambar katinsa.

Daga nan sai tattara takardu, aikin da ya fi kowane cin rai. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da ɗaukarsa, amma da muka ce kowa ya kawo takardar kama aiki, wasu ruwan damina ya cinye tasu, wasu ba su taɓa karɓa ba. Tsohon littafin sharuɗɗan aiki, wanda wa'adinsa ya ƙare tuntuni, babu shi a ofishin reshe. A wurin wani dattijo da ya yi ritaya na samo shi a Fagge, ya ɗauko mini shi daga ƙasan akwati a cikin leda, ya ce in rantse zan dawo masa da shi. Muka yi karo-karon naira dubu biyu-biyu na kwafi da kati da zirga-zirga, kuma ina shawartar duk sakatare ya rubuta kowace naira da ta fita, domin ranar da rai ya ɓaci za a tambaye shi. Abin da ya fi girgiza mu shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, kamfani kashi 10, a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Muka sa mutane suka je wurin masu kula da asusunsu suka ciro bayani. Takardar albashi ta nuna ana cirewa kowane wata, asusun kuma ya nuna watanni da dama babu abin da ya shiga. Wani direba da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya ya riƙe takardar yana kallo, bai ce komai ba, ya ninke ta ya sa a aljihu. A daren ban yi barcin kirki ba.

Maganar makanikai ita ce zan daɗe a kai, don a nan ne abin zai gyaru ko ya lalace. Tsakaninmu da injiniyoyi masu lasisi akwai 'yar tsama ta shekaru. Mu muna ganin suna ɗaga kai, su kuma wasunsu 'yan dako suke kiranmu a bayan ido. Wani dare na hazo jirgi ya sauka a makare, wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, iska mai sanyi tana kaɗo ƙura a filin. Babban injiniyan dutin, wanda duk muke kira Baba, ya zagaya jirgin da tocila kamar kullum, ya tsaya a gindin wata taya, ya shafa ta da tafin hannu, ya ce sai an canza. Tun safe yake bakin aiki, domin wanda zai karɓe shi an tura shi wata tasha. Ni na jawo musu jak na riƙe fitila. Na ga yadda ya buɗe littafin gyara ya karanta duk da ya yi wannan aiki sau ba adadi, na ga yadda ya duba takardar da ke manne a jikin sifanar awo don ya tabbatar lokacin gwajinta bai wuce ba, sannan ya ɗaure ya sake dubawa. Ƙarfe biyu da kwata ya sa hannu a littafin jirgi, idonsa ja wur. Ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ka ga wannan sa hannun? Lambar lasisina ce a jiki. Gobe mutum ɗari da wani abu za su hau, idan wani abu ya faru a sama, ni hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, za ta nema, ba akanta ba." Na ce, "Baba, to me ya hana mu kai kukanmu tare?" Ya yi shiru, ya ce in same shi bayan sallar Juma'a.

A zaman da muka yi na ji damuwar da ban san da ita ba. Kuɗin lasisi da ake ba su bai motsa ba alhali darajar naira ta zube. Babu tsayayyen lokacin hutu tsakanin duti da duti. Idan kamfani ya tura mutum kwas na wani nau'in jirgi, sai ya ɗaure shi da takardar cewa ba zai bar aiki ba tsawon shekaru, in ya tafi ko da saura wata ɗaya ya biya kuɗin kwas ɗin cif. Ga yara da suka gama kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya suna shekara da shekaru suna miƙa sifana, ba a tura su ko'ina ba. Lauyan ƙungiya ya ƙara mana da wani abu: ma'anar "ma'aikaci" a dokar ƙwadago ba ta haɗa da masu aikin ƙwararru da na gudanarwa ba, saboda haka injiniya ya fi mu buƙatar a rubuta masa komai a yarjejeniya, tunda ita ce garkuwarsa. Mu ma muka faɗi namu: akwati mai kilo 32 da ake ɗagawa a durƙushe, ciwon baya, ƙarar injin da ke kashe kunne, zafin kwalta a watan Afrilu lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, takalmin kariya da mutum ke saye da kuɗinsa. Muka tsaya a kan takarda ɗaya mai sashe biyu, da alƙawarin cewa babu ɓangaren da zai sa hannu ya bar ɗan'uwansa. Kowace ƙungiya ta sanar da hedikwatarta.

Taron mambobi ya fitar da buƙatu talatin da ɗaya. Jami'in da ya zo daga Legas ya ce idan muka je da su haka, za a ba mu sabulu da rigar ruwa a ce an biya rabi. Da ƙyar, da hayaniya, muka tace su suka koma tara, muka kuma ware uku a tsakaninmu waɗanda ba za mu sauka daga kansu ba: ƙarin albashi, bashin fansho, da lissafin awannin aiki. Wasiƙa ta tafi daga hedikwatar ƙungiya zuwa shugabannin kamfani, aka buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinmu. Wannan hatimi kada wanda ya raina shi. Amsa ba ta zo ba sai bayan wasiƙar tuni ta biyu.

Zaman farko a Legas aka yi. Hedikwata ta ɗauki nauyin mutum biyu, na ukun daga karo-karonmu. Na shiga ɗakin da zuciya cike da magana, na haddace abin da zan faɗa tun daga Kano, sai ga shi ranar gaba ɗaya a kan ƙa'idojin zama ta ƙare: wa zai yi magana, wa zai rubuta bayanin zama, yaushe za a sake haɗuwa. Na ji haushi a lokacin, daga baya na gane amfaninsa, musamman sharaɗin da jagoranmu ya nace a kai, cewa ba za a tashi daga kowane zama ba sai an karanta abin da aka rubuta, ɓangarorin biyu sun sa hannu. Washegari akantan kamfani ya haska mana lissafi a bango. Dala ta haura naira 1,500, man jirgi ya wuce naira dubu kowace lita, kayan gyara da inshora da babban gyaran da ake kai jirgi waje duk da dala ake biya, tikiti kuwa da naira ake sayarwa. Zan faɗi gaskiya, ba ƙarya yake yi ba, kuma wanda ya shiga irin wannan ɗaki yana ganin duk abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa yaudara ce, ba zai iya ciniki ba. Amma jagoranmu ya tambaye shi kashi nawa ne na wannan lissafi albashin ma'aikatan ƙasa, ya ce zai kawo a zama na gaba. Tayin da suka yi mana shi ne wani alawus na rage raɗaɗi, dunƙule, kowane wata. A ido kuɗi ne mai kyau, har na fara lissafin buhun masara a raina. Da muka fita shan iska Baba ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka yarda. Fansho a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota ake lissafa shi. Alawus ɗin da aka raɗa wa sunan rage raɗaɗi, ranar da suka ce raɗaɗi ya ƙare shi ma ya ƙare." Muka koma muka ce a zuba shi a tushen albashi. A nan aka cije.

Azumi ya kama a watan Maris na 2024 muna zama na uku, babu ci gaba. Wannan ne lokacin da ya fi yi mini nauyi. A zauren WhatsApp na reshe aka fara rubuta cewa an saye mu, wai muna Legas muna kwana a otal. Wani yaro da ni na koya masa aiki ya wuce ni a bakin ƙofa bai gaishe ni ba. Na koma gida na kasa shan ruwa da daɗi, har uwargida ta ce, "Malam, in abin nan zai taɓa maka lafiya ka ajiye musu." Kuskurenmu ne, mun yi shiru muna jiran sai mun samo labari mai daɗi, shirun kuma ya zama gonar jita-jita. Daga ranar muka sa doka, duk zaman da aka yi, kafin kwana ɗaya ya cika za a tara mutane a karanta musu bayanin da aka sa wa hannu, ko da babu komai a cikinsa sai "an ɗage". A cikin wannan azumin ne kuma aka kira injiniyoyi su kaɗai, aka yi musu tayin ƙarin kuɗin lasisi mai tsoka idan za su rufe nasu sashen. Bayan la'asar a masallacin filin jirgi Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Jiya sun kira mu. Wasu daga cikin yarana sun so su karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da iyali. Na tuna musu alƙawari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Da sun karɓa a ranar, da mu ma'aikatan ƙasa mun tashi a tutar babu, domin ɗan lodi ana iya samo madadinsa cikin mako guda, mai sa hannu a littafin jirgi kuwa sai an shekara ana nema.

Bayan Sallah aka rubuta a bayanin zama cewa an kasa daidaitawa. Muka ɗauki fayil muka nufi ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke nan Kano, muna zaton daga zuwa za a kira kamfani. Jami'in da ya karɓe mu ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, wasiƙar buƙatu mai hatimi, bayanan zama, tsohuwar yarjejeniya, sannan ya tambaye mu rahoton mai shiga tsakani. Muka kalli juna. Ya zaunar da mu ya yi mana bayanin matakan dokar rikicin ma'aikata. Da farko a bi hanyar sasanci da ke cikin yarjejeniyar kanta. In ta gaza, cikin kwana bakwai ɓangarorin biyu su amince da mai shiga tsakani. In shi ma ya yi kwana bakwai bai daidaita ba, a rubuta wa Ministan Ƙwadago cikin kwana uku. Minista na iya naɗa mai sasantawa, in abin ya ƙi a miƙa wa kwamitin yanke hukunci kan rikicin ma'aikata, daga can sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Mun tsallake mataki guda, dole muka koma baya. Neman mutumin da mu da kamfani za mu yarda da shi kaɗai ya ci mana kwanaki. Ya yi ƙoƙari, ya warware ƙananan buƙatu huɗu, manyan suka gagara, hedikwata ta kai rahoto Abuja.

Ana cikin haka jigilar alhazai ta matso, lokacin da aiki ke ninkawa ga kowa a filin Kano. Matasanmu suka ce ga dama ta samu, a ajiye aiki ranar da jirgin farko zai tashi, kafin azahar kamfani zai durƙusa. An yi zazzafar muhawara har dare. Lauya ya gaya mana ƙarara cewa aikin filin jirgi yana cikin ayyukan da doka ta kira muhimmai, masu buƙatar sanarwar kwana goma sha biyar, cewa doka ta hana yajin aiki muddin magana tana gaban masu sasanci, kuma akwai ƙa'idar ba aiki ba albashi. Wasu suka ce to a yi aikin da sanyin jiki, ya ce rage saurin aiki da gangan shi ma yajin aiki ne a idon wannan doka. Ni abin da na faɗa a taron ba na doka ba ne. Na ce tsohuwar da ta sayar da gonarta ta biya kujera, tana kwance a sansanin alhazai da jakarta a matsayin matashi, ba ita ta riƙe mana fansho ba, kuma ranar da muka hana ta tafiya mun rasa mutanen Kano gaba ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a, masu haƙuri suka yi rinjaye da ƙyar. Abin da muka yi maimakon haka shi ne muka sayi manyan littattafai biyu, kowane duti a rubuta sunan mutum, lokacin da ya shigo, lokacin da ya fita, lambar jirgin da ya yi wa aiki, abokin aiki ya sa hannu a matsayin shaida.

Waɗannan littattafai su suka yi mana rana a gaban mai sasantawa a Abuja. Mun bi mota tun asuba ta Kaduna, mun zauna a benci fiye da awa biyu kafin wakilan kamfani su cika. Da aka zo kan awannin aiki, suka kawo rajistar ofis mai nuna kowa awa takwas yake yi. Jagoranmu ya buɗe littafinmu, ya zaɓi dare uku, ya roƙi a kawo littafin jiragen da aka ambata a duba ƙarfe nawa injiniya ya sa hannu. Rajista ta ce mutum ya tashi ƙarfe goma na dare, littafin jirgi, wanda babu mai iya musun sa tunda hukuma na duba shi, ya ce ƙarfe biyu ya sallami jirgin. Ɗakin ya yi tsit. Mai sasantawa ya ce a je a sha ruwa. Da aka dawo muryar kowa ta sauka, aka fara ciniki na gaske. A watan Yulin 2024 kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wadda ta tilasta ɗaga matakin ƙasa. Muka nace cewa idan aka ɗaga na ƙasa kaɗai, wanda ya shekara goma zai yi daidai da wanda ya zo jiya, don haka a gyara tsanin duka.

Abin da muka samu a albashi bai kai rabin abin da muka nema ba, amma a tushe ya shiga. An tsara biyan bashin fansho kashi-kashi da ranakun biya a rubuce. An samar da fom na ƙarin lokaci wanda shugaban duti zai sa wa hannu kafin mutum ya tafi gida, da mafi ƙarancin hutu tsakanin duti biyu, da motar ɗaukar masu aikin dare. Ɗaurin kwas na injiniyoyi ya koma yana raguwa shekara-shekara. An rubuta takalmi da abin toshe kunne da gwajin ji a wuyan kamfani, an kuma rubuta cewa za a riƙa nuna wa ƙungiya shaidar inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara da ta biyan asusun diyyar haɗarin aiki na NSITF, waɗanda dama doka ta wajabta. Ranar sa hannu kowa ya ƙagu, an kira mai hoto, amma jagoranmu ya ce sai an karanta layi-layi ana gwadawa da bayanan zama. A sashen motar dare muka tarar an rubuta "kamfani zai duba yiwuwar samarwa" a inda aka amince da "kamfani zai samar". A wani wurin babu ranar da ƙarin zai fara aiki, wanda ke nufin babu ariyas. Awa uku aka ƙara ana gyara. Lauya ya sa aka ƙara sakin layi cewa yarjejeniyar ta zama ɓangare na sharuɗɗan aikin kowane ma'aikaci, don kada gobe a ce alƙawarin mutunci ne kawai, sannan aka kai kwafi uku ma'aikatar ƙwadago kamar yadda doka ta tanada. Na mayar wa dattijon Fagge littafinsa, na haɗa masa da kwafin sabon.

Wanda zai shiga wannan hanya, ya fara littafin awanni tun yau, kada ya jira rikici. Ya nemo bayanin fanshon mutanensa kafin ya rubuta wasiƙar farko, ya tabbatar da sunayen mambobi, ya san matakan doka bi da bi don kada a dawo da shi daga bakin ƙofa kamar yadda aka dawo da mu. Ya je wurin makanikai da ƙafarsa tun kafin kamfani ya riga shi. Kuma kada ya ɗauka sa hannu ne ƙarshe: albashin farko bayan yarjejeniya ya zo da kuskure a takardun mutane da dama, sai da muka bi su ɗaya-ɗaya ta hannun kwamitin sa ido da muka sa aka kafa, motar dare kuwa sai da aka yi wata biyu ana tuni.

Akwai buƙata ɗaya daga cikin tara da muka rasa gaba ɗaya, kuma ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaran da ɗan kwangila ke kawowa, waɗanda muke shiga ɗakin kaya ɗaya da su, muke ɗaga akwati ɗaya, kamfani ya ce ba ma'aikatansa ba ne, ba za a yi maganarsu a teburin ba. Ranar da aka karanta yarjejeniya a taro ana ta kabbara, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a bayan taga yana saurare. Da aka watse ya biyo ni har wurin mota ya ce, "Yaya, mu fa?" Na gaya masa gaskiya, babu sunansu a ciki. Yarjejeniyar ta shekara biyu ce, kuma an rubuta cewa wata uku kafin ta ƙare za a buɗe sabuwar tattaunawa. Na sayi littafi na uku, na ba shi ya riƙe, yana rubuta sunayensu da awanninsu da lambar kowane jirgi, ni kuma ina sa hannu a gefe duk ƙarshen mako.